Tarihin Neman Ma'aunin Raɗaɗi a Cikin Jini

Raɗaɗi shi ne abin da ya fi kai mutane gaban likita, kuma shi ne abin da likita ya fi kasa aunawa, domin zazzaɓi yana da ma'auninsa, bugun zuciya ana ƙirga shi, hawan jini ana karanta shi a lamba, amma raɗaɗi sai abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa. Na'urorin da masana ke ƙoƙarin ƙerawa a yau don su gano alamun raɗaɗi a ɗigon jini ta hanyar lantarki sun fito ne daga bincike iri biyu da suka daɗe suna tafiya kowa da hanyarsa: binciken masana sinadarai a kan yadda ake mayar da yawan wani sinadari ya zama kwararar lantarki da za a iya ƙirgawa, da binciken likitoci a kan abin da ke faruwa a jiki sa'ad da mutum yake jin zafi. Na farkon ya nuna da wuri, na biyun kuwa har yanzu da sauransa, kuma wannan tazara ce ta tsara yadda tarihin ya gudana.

Mafari, 1025 zuwa 1834

Malaman likitanci na dauri sun auna raɗaɗi da siffantawa. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun fid-Ɗibb da ya kammala a wajajen 1025, ya kasa raɗaɗi gida goma sha biyar gwargwadon yadda mai jin sa yake bayyana shi, kamar mai suka da mai zugi da mai matsa da mai nauyi, ya faɗaɗa abin da Jalinusu, likitan Girka, ya bari. A Turai, René Descartes ya kawo wani tunani a littafinsa kan halittar mutum da aka buga da Faransanci a 1664, bayan rasuwarsa, inda ya zana yaro da ƙafarsa kusa da wuta, ya ce zafin yana jan wani siririn zare da ya tashi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Zanen ya dasa ra'ayin cewa gwargwadon rauni gwargwadon raɗaɗi, ra'ayin da ya mamaye likitanci kusan shekara ɗari uku, wanda kuma har yau yake laɓe a ƙarƙashin duk wani yunƙuri na samo lambar raɗaɗi a jiki.

Alaƙar lantarki da jiki mai rai ta bayyana a Bolonya ta Italiya, inda Luigi Galvani ya wallafa a 1791 cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan aka taɓa jijiyarta da ƙarfe. Ana ba da labari cewa ya ga haka ne bisa tsautsayi, lokacin da ake feɗe kwaɗi don a yi wa matarsa da ba ta da lafiya romo, amma wannan hikaya ce da marubutan baya suka yaɗa, domin takardunsa sun nuna ya shafe kimanin shekara goma yana gwajin da gangan. Musun da ya shiga tsakaninsa da Alessandro Volta, wanda ya ce lantarkin daga haɗuwar ƙarafa biyu yake fitowa, shi ya haifar da batir na farko a 1800. Michael Faraday na Landan ya ɗora a kai a 1833 da 1834, ya tabbatar da cewa yawan sinadarin da ya sauya a bakin ƙarfen da ke cikin ruwa daidai yake da yawan lantarkin da ya ratsa. Wannan ƙa'ida ita ce tushen fannin gaba ɗaya, domin idan lantarki yana bin yawan sinadari, to wanda ya ƙirga lantarkin ya ƙirga sinadarin. Ƙarfen da ake tsomawa a ruwa don wannan aiki shi ake kira ilektirod, wato tsinken lantarki.

Ma'aunai da sinadarai, 1906 zuwa 1949

A 1906 Max Cremer na Jamus ya lura cewa siririn gilashi da ya raba ruwa biyu masu bambancin tsami yana haifar da ƙarfin lantarki, kuma a 1909 Fritz Haber da ɗalibinsa Zygmunt Klemensiewicz suka mayar da wannan ya zama tsinken gilashi na auna tsami. Jaroslav Heyrovský na Firag ya ƙirƙiro a 1922 hanyar gane sinadarai da ɗigon zaiba mai ɗauke da lantarki, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1959, sannan a tsakiyar shekarun 1930 Arnold Beckman na Kalifoniya ya ƙera ma'aunin tsami mai akwati, asali don masu sarrafa ruwan lemun tsami, wanda daga baya ya shiga kusan kowane ɗakin gwaji.

A daidai wannan zamani aka fara cin karo da sinadaran da yau ake kira alamun raɗaɗi, ko da yake masu gano su ba raɗaɗi suke nema ba. A 1931 Ulf von Euler da John Gaddum suka tace wani gari daga hanji da ƙwaƙwalwar doki a Landan, wanda yake sa hanji ya motsa kuma ya saukar da hawan jini, suka sa masa suna sinadarin P. Sai a 1953 Fred Lembeck na Ostiriya ya nuna yana da yawa a jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa laka, kuma sai a farkon shekarun 1970 Susan Leeman da Michael Chang suka tantance cewa gajeren furotin ne mai gaɓoɓi 11. A 1949 Maurício Rocha e Silva da abokan aikinsa a São Paulo ta Birazil suka ba da rahoton biradikinin, wanda dafin wani maciji yake sa jini ya saki, kuma an gane daga baya cewa yana cikin sinadaran da suka fi tayar da jijiyoyin raɗaɗi a wurin da aka ji rauni.

Yunƙuri na farko na ba raɗaɗi lamba da na'ura ya zo daga Jami'ar Cornell a New York, inda James Hardy da Harold Wolff da Helen Goodell suka fito a 1940 da wata fitila da ke haska zafi na daƙiƙa uku a goshin da aka shafa wa baƙin tawada, ana ƙara ƙarfinta har mutum ya ce ya ji zafi. Daga nan suka ƙago ma'auni mai suna dol, wanda ya tashi daga sifili zuwa goma da rabi. A ƙarshen shekarun 1940 aka gwada shi a kan mata 13 masu naƙuda, ana ƙona bayan hannunsu tsakanin murɗawar ciki don su kwatanta zafin biyu, har wasu suka tashi da ƙuna. Ma'aunin bai yi tsawon rai ba, domin sauran masu bincike sun kasa samun sakamako iri ɗaya. Wanda ya fi kowa rusa shi shi ne Henry Beecher na Harvard, likitan sa barci da ya yi aiki a fagen fama a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya wallafa a 1946 cewa cikin sojoji 215 masu munanan raunuka, kusan kashi uku cikin huɗu sun ce zafin da suke ji bai kai su nemi magani ba. Beecher ya fahimci cewa ga sojan, raunin yana nufin an fitar da shi daga bakin mutuwa, kuma ma'anar rauni a zuciyar mai shi tana rage raɗaɗi ko ta ƙara shi.

Zamanin Clark da gwajin suga, 1953 zuwa 1987

Na'urar da ta buɗe ƙofar auna sinadarai a cikin jini kai tsaye ta fito daga hannun Leland Clark, wanda yake aiki a garin Yellow Springs na jihar Ohio a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata, kuma yake buƙatar sanin yawan iskar oksijin da ke cikin jinin da injin yake juyawa. Matsalar ita ce tsinken filatinam da aka tsoma a jini nan da nan furotin yake lulluɓe shi ya daina aiki. A 1953 Clark ya rufe tsinken da siririyar leda wadda oksijin ke ratsawa amma furotin ba ya iyawa, kuma a 1956 ya bayyana ingantaccen samfurin da har yau ake kira da sunansa. Ana cewa ledar farko daga kwalin taba sigari ya ɓare ta.

A 1962 Clark da Champ Lyons suka gabatar da shawarar da ta haifi fannin: a sa inzayim, wato furotin da ke saurin sauya wani sinadari guda, a tsakanin leda da tsinken. Sun zaɓi inzayim da ke cin suga yana amfani da oksijin, ta yadda raguwar oksijin a bakin tsinken za ta nuna yawan sugan. Haɗa wani abu na halitta mai tantance sinadari da tsinken da ke mayar da tantancewar lantarki shi ake kira bayosensa. Stuart Updike da George Hicks suka kafe inzayim ɗin cikin wani abu mai danƙo a 1967, George Guilbault da Joseph Montalvo suka yi irinsa na yuriya a 1969, kuma a 1975 kamfanin Yellow Springs Instrument ya sa injin auna suga na asibiti a kasuwa. Sauyi mafi girma ya zo a 1984, lokacin da masu bincike a Oxford da Cranfield a Ingila suka nuna cewa wani sinadari mai ƙarfe a ciki, mai suna ferosin, zai iya kwasar ilektiron, wato ƙwayoyin lantarki, daga inzayim ya kai wa tsinken ba tare da dogaro da oksijin ba. Wannan ya sa aka iya buga tsinken da tawadar kabon a kan 'yar roba mai arha, kuma a 1987 na'urar ExacTech mai siffar biro ta fito, tana ba da sakamako cikin daƙiƙa 30. Jikokinta ne ake gani yau a asibitoci da kemis na Kano da Maraɗi, inda ake soka yatsa, ɗigon jini ya shige bakin tsinken gwaji, lamba ta bayyana kafin a gama goge yatsan da auduga.

Dalilan wannan nasara suna da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Suga yana da yawa a jini, kusan giram ɗaya a kowace lita, akwai inzayim mai juriya da ke tantance shi, kuma yawansa shi ne ainihin abin da likitan mai ciwon suga yake son sani. Babu ko ɗaya cikin waɗannan sharuɗɗa uku da ya cika a kan raɗaɗi.

Abin da jini ya fara faɗa, 1965 zuwa 2005

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa laka tana tace saƙon raɗaɗi, kuma ƙwaƙwalwa tana iya aiko da umarnin a rage shi ko a ƙara, abin da ya ba lurar Beecher tushe a ilimin jijiyoyi. Shekarun da suka biyo baya sun cika da gano sinadarai. John Vane ya nuna a 1971 cewa asfirin yana aiki ne ta hana jiki yin furostagilandin, sinadarin da ke ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi a wurin kumburi. John Hughes da Hans Kosterlitz na Aberdeen suka gano a 1975 cewa ƙwaƙwalwa tana yin nata maganin raɗaɗi mai aiki irin na mofin. A 1982 aka gano furotin CGRP, a 1991 kuma inzayim COX-2, wanda yake ƙaruwa sa'ad da nama ya kumbura. Auna waɗannan ya yiwu ne saboda dabarar amfani da antibodi, wato furotin garkuwar jiki da ke manne wa abu guda kaɗai, wadda Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fara a kan insulin a 1959 da 1960, aka kuma sauƙaƙe ta a 1971 da gwajin ELISA. Sai dai gwajin yana cin sa'o'i a ɗakin bincike, majiyyaci kuwa yana kwance yana jira.

Inda awon jini ya yi tasirin da ba a musu shi ne kan jarirai. Har tsakiyar shekarun 1980, a asibitoci da yawa na Turai da Amurka ana yi wa bakwaini tiyata da maganin sandarar da jiki da ɗan abin sa barci kaɗan, bisa imanin cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su ji zafi. Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa a Oxford suka wallafa a 1987 gwajin da suka yi a kan bakwaini 16 da aka yi wa tiyatar wata jijiya kusa da zuciya, inda jinin waɗanda ba a ba maganin kashe zafi mai ƙarfi ba ya nuna hauhawar adirenalin da sauran sinadaran firgici, kuma sun fi samun matsala bayan aikin. A wannan shekara ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa bai halatta a hana jariri maganin kashe zafi a tiyata don ƙanƙantarsa ba. Abin da aka auna martanin jiki ne ga wahala, amma ya isa ya yi magana a madadin wanda ba shi da baki, kuma a nan ne hujjar fannin ta fi ƙarfi har gobe.

Labarin CGRP ya nuna ɗaya fuskar. A 1990 Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka ba da rahoton cewa yana ƙaruwa a jinin jijiyar wuya yayin da ciwon ɓarin kai ya tashi, kuma wannan ya kai ga magungunan da ke toshe shi, na farkonsu ya samu izini a Amurka a 2018. Duk da haka, wani bincike da aka yi a Danmak a 2005 bai ga wannan ƙaruwa ba. Furotin ɗin dai yana lalacewa cikin 'yan mintuna kuma sakamakon yana sauyawa da yadda aka ɗebi jinin da yadda aka ajiye shi. Sinadarin P kuwa ya ba da kunya ta wata hanyar: magungunan da aka ƙera a shekarun 1990 don toshe shi sun rage alamun raɗaɗi a ɓeraye, amma a mutane sun gaza, har ɗaya daga cikinsu ya ƙare a matsayin maganin tashin zuciya a 2003.

Annobar da ta tayar da buƙata, 1995 zuwa 2018

Ƙungiyar masana raɗaɗi ta duniya ta fassara raɗaɗi a 1979 da cewa abin ji ne na jiki da zuciya, don haka asibitoci suka dogara da tambaya: majiyyaci ya zaɓi lamba daga sifili zuwa goma, ko yaro ya nuna fuskar da ta yi kama da halinsa a jerin zanen fuskoki. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar likitocin raɗaɗi ta Amurka ta yi kira da a riƙa tambayar wannan lamba kamar yadda ake auna zazzaɓi da bugun zuciya da numfashi da hawan jini. Niyyar mai kyau ce, amma kiran ya zo daidai da fitowar OxyContin, wata ƙwaya dangin mofin, a 1996 da tallan da ya raina haɗarin kamuwa da shi, sai saukar da lambar ya zama abin da ake auna asibiti da shi, rubuta magunguna dangin mofin ya yi ta hauhawa. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta janye goyon bayanta ga tsarin, kuma a 2021 kaɗai kimanin mutum 80,000 suka mutu a ƙasar sanadiyyar shan irin waɗannan ƙwayoyi fiye da kima. Wannan musiba ce ta sa hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙaddamar da shirin HEAL a 2018, wanda neman tabbatattun alamun raɗaɗi yana cikin manyan ayyukansa.

Haɗuwar hanyoyin biyu, 2005 zuwa yau

Kafin buƙatar ta tsananta, kayan aikin sun riga sun ƙaru. Tun 1973 Ralph Adams na Jami'ar Kansas ya fara dasa tsinken kabon a ƙwaƙwalwar ɓera don bin sinadaran jijiyoyi; a 1990 aka gano aftama, wato gajeren zaren DNA ko RNA da ake zaɓa ya kama sinadari guda; a 2004 aka ware girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a Manchester. Ƙungiyar Kevin Plaxco ta Santa Barbara ta nuna a 2005 cewa aftama da aka kafe a kan zinariya yana lanƙwashewa idan ya kama abin da yake nema, lanƙwasar kuma tana sauya kwararar lantarki, kuma a 2017 ta yi amfani da wannan wajen bin yawan magani a jijiyar wuyan ɓeraye masu yawo, duk bayan 'yan daƙiƙu. A 2020 ƙungiyar Wei Gao ta Caltech ta fito da tsinken girafin mai auna kotisol, sinadarin damuwa, a cikin gumi.

Cikin waɗanda suka fuskanci raɗaɗi kai tsaye akwai Omowunmi Sadik, haifaffiyar Legas, wadda ta yi karatu a Jami'ar Legas da Wollongong ta Ostiraliya, ta koyar a Jami'ar Binghamton kafin ta koma Cibiyar Fasaha ta New Jersey. Ita da ɗalibarta Naumih Noah 'yar Kenya da sauran abokan aiki sun wallafa a 2011 na'urorin auna COX-2, kuma ƙungiyar ta haɗa da iNOS, wani inzayim da shi ma kumburi ke tayarwa. Tsarin irin waɗannan na'urori shi ne a kafe antibodi a fuskar tsinken zinariya. Idan furotin da ake nema ya manne masa sai ya tare hanyar ilektiron, kwararar lantarki ta ragu, girman raguwar kuma ya nuna yawan furotin ɗin. Ta wani ɓangaren, Alexander Niculescu na Jami'ar Indiana ya wallafa a 2019 jerin ƙwayoyin gado da aikinsu a jini yake sauyawa da tsananin raɗaɗi, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa sai an haɗa alamu da yawa a tsinke ɗaya kafin a samu abin dogaro.

Cikas na fasaha har yanzu manya ne. Furotin kumburi irin IL-6 a jinin mai lafiya bai wuce 'yan kaso cikin biliyan na giram a lita ba, kwatankwacin ƙwayar gishiri ɗaya a tankar ruwa, alhali albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini, yana kai giram 35 zuwa 50 a lita kuma yana lulluɓe tsinken kamar yadda ya yi wa Clark. Biradikinin yana ɓacewa cikin daƙiƙu, antibodi kuma ba ya jure zafin rana kamar inzayim ɗin suga, abin da ke da nauyi ga ƙasashen da ajiya a sanyi take da wuya. Amma cikas mafi girma na ma'ana ne: kotisol yana hawa da asuba ko babu ciwo, IL-6 yana hawa da zazzaɓin cizon sauro ko motsa jiki, kuma mutumin da aka yanke wa ƙafa yana iya jin azaba a ƙafar da babu ita, jininsa bai nuna kumburin komai ba.

Batun ya shafi Najeriya ta hanyar sikila, wato amosanin jini, domin ita ce ƙasar da aka fi haihuwar masu amosanin jini a duniya, kimanin jarirai 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, kuma masu wannan cuta a ƙasashe da dama sun sha kukan cewa ana zarginsu da neman ƙwaya idan ciwon ya tashi. A ƙasar Hausa akwai kuma akasin haka, inda tarbiyyar dauriya da kunya take sa mai naƙuda ko dattijo ya ce da sauƙi alhali yana cikin wuya. Tsinken gwaji mai arha zai iya taimakon dukkansu, kuma zai iya cutar da su idan aka ɗauki ƙarancin lamba a matsayin hujjar hana magani. Irin wannan tsoron ne ya sa kwamitin masana ƙarƙashin Karen Davis ya yi gargaɗi a 2017 cewa kada a yi amfani da hoton ƙwaƙwalwa wajen ƙaryata mai cewa yana jin ciwo. Fiye da shekara sittin bayan shawarar Clark da Lyons, babu gwajin jini na lantarki da ya zama ma'aunin raɗaɗi a asibitoci, kuma ma'anar da ƙungiyar masana ta duniya ta sabunta a 2020 ta nanata cewa a girmama abin da majiyyaci ya faɗa game da zafin da yake ji.